Idon da Ba Ya Jin Hayaƙi

Mijina mai nama ne. A Libreville ba a cewa tsire ko balangu, kupe-kupe ake cewa, kuma duk wanda ya saba sauka a mahaɗar Nzeng-Ayong da yamma a shekarun nan ya shaƙi hayaƙinsa ko da bai san fuskarsa ba. Rabin duro ne a kan ƙafafun ƙarfe, da ragar waya a bisa, sai teburin katako inda yake yanka. Ni ke daka yaji a gida, ƙuli da citta da masoro da ƙananan barkonon nan nasu marasa imani. Shi kuma ya tsaya bakin wuta daga la'asar. Tun da muka zo daga Kano idonsa ja yake, kullum da ƙwalla, kamar na duk mai wannan sana'a. Ba mu taɓa lissafa jan ido cikin ciwo ba.

Ciwon ya same shi a shekarar da aka karya darajar sefa. Kuɗin hannunka suna nan yadda suke, amma ka je kanti ka ga sun zama rabi. Burodi ya hau, mai ya hau, magani kuwa ba a magana, don duk ta jirgi ake kawo shi. Kowa a unguwa fuska a ɗaure. Ana cikin haka wata safiya Malam ya ce mini goshinsa na hagu yana zafi kamar an ɗora masa garwashi. Na duba ban ga komai ba. Na ce, "Mutumin da ke yini a kan wuta yake mamakin zafi? Sha kokonka." Ya sha, bai ƙara magana ba, don shi haka Allah ya yi shi. Ni aka ba baki a gidanmu.

Kafin mako ya zagayo ƙuraje masu ruwa suka feso masa, daga gira zuwa cikin gashi, wasu har kan hanci. Fatar idon ta kumbura ta rufe. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda suka zo tsakiyar goshi suka tsaya cak, ko ɗaya bai tsallaka dama ba. Mutanen masallaci suka zo dubiya, kowa da nasa. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce iska ce ta mare shi a hanya. Aka kawo rubutu, ya sha. Ni dai na ja shi zuwa ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikacin ya kalle shi sau ɗaya ya ce zona. Ya ce ƙarambau ɗin da mutum ya yi yana yaro ne yake kwanciya a jijiya shekara da shekaru, ranar da jiki ya gaji ya tashi. Ya rubuta magunguna. Babban cikinsu muka zaga ba mu samu ba, inda muka samu kuma farashinsa ya kore mu. Muka dawo da ƙwayar rage zafi da wani jan ruwa na shafawa.

Ƙurajen suka bushe, kumburin ya sace, idon ya buɗe. Muka ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe yanzu aka fara.

Fatar ta warke amma zafin ya ƙi tafiya. Mutumin da ban taɓa gani a waje kai babu hula ba, sai ga shi hula ta gagare shi, don da bakinta ya taɓa goshin sai ya zabura. Iskar fanka ciwo, ruwan alwala ciwo, gefen matashi ciwo. Wani lokaci yana zaune lafiya lau sai abin ya tsarga masa daga gira zuwa tsakar ka, ya dafe gwiwa ya yi shiru har ya wuce. Sujada ce ta fi ƙona masa rai. Ya kai goshi ƙasa ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa. Liman ya ce masa ya sunkuya iyakar iyawarsa, Allah ya san halin da yake ciki. Ya bi maganar liman, amma na sha ganinsa bayan sallama ya zuba wa tabarmar ido. Tausayinsa ya cika ni, ga shi ni ban iya nuna tausayi da taushi ba, sai dai in yi ta faɗa da yara su rage surutu.

Duk hankalinmu ya koma kan goshi. Man zaitun, man shanu, habbatus sauda, duk wanda aka ce mu shafa mun shafa. Idon kuwa babu wanda ya bi ta kansa, don bai taɓa damun kowa ba.

Da ya ɗan ji ƙarfi ya koma bakin wuta, tunda gida ba ya ci da kansa. Ranar farko ya dawo da fara'ar da na kwana biyu ban gani ba.

Ya ce, "Maman yara, kin san Allah ya yi mini canji?"

Na ce, "Da me?"

"Idon nan na hagu. Yau tun la'asar hayaƙi ke dukansa, ko gezau. Na barbaɗa yaji iska ta kwaso, na dama ya yi ta zuba, shi kuwa ko a jikinsa."

Wallahi murna na yi. Na ce Allah ya karɓi goshi ya ba da ido, har waina na soya na raba wa yaran maƙwabta sadaka. Duk mai gashin nama burinsa a duniya ya sami idon da hayaƙi ba ya ci. Abokan sana'arsa suka riƙa tsokanarsa, wai ya faɗa musu malamin da ya yi masa aiki. Shi kuma sai ya sake tsayuwa. Ya gyara duron yadda duk inda iska ta kaɗa, gefen hagu zai ba hayaƙin, ya kare na dama. Haka ya yi ta yi wata da watanni, yana jin ya yi dabara, mu ma muna ganin ya yi.

Sai aka shiga maganar baƙi. Rediyo ya ce duk wanda ba shi da katin zama, ko ya gyara ko ya bar ƙasar. Katin Malam ya riga ya mutu, kuɗin sabuntawa kuma sun fi ƙarfinmu a lokacin. Jandarmomi suka cika hanyoyi, a tsayar da tasi a ce kowa ya fito da takarda. Mutane suka yi ta sayar da katifa da tukwane a bakin titi suna tafiya Owendo jiran jirgin ruwa. Layinmu na masallaci ya ragu, gidan da ke kallon namu ya zama kango. Malam ya daina zuwa ko'ina sai wurin sana'a, shi ma ta lungu, ta bayan gidajen katako da gonakin ayaba. Mai shagon da yake gasawa a gabansa ɗan ƙasa ne, in ya hango motar jandarmomi sai ya yi masa fito ya shige ciki.

Wata yamma ya manta gwangwanin yaji a gida, na yafa mayafi na bi shi da shi. Na tarar yana yanka wa wani nama, yana zuba a takarda da albasa. Na tsaya gefensa na hagu ina jira ya gama. Iska ta taso daga wajen teku ta buso garwashin, toka ta tashi. Da idona na ga wani ɓarɓashi, da sauran jan wuta a jikinsa, ya sauka a cikin idon Malam, a kan baƙin. Bai ƙifta ba. Ya ci gaba da tambayar mutumin ko a ƙara barkono.

Na ce, "Malam, juyo nan."

Ya ce, "Ina da mutane."

"Mutanen su jira. Juyo!"

Ya juyo. Rabon da in kalli idon nan kusa da kusa cikin haske har na manta, don kullum goshi nake dubawa. Tokar tana zaune a ciki. A ƙarƙashinta, a tsakiyar baƙin, ga wani farin ɗigo kamar an ɗiga nono. Idon a bushe yake, babu ƙyallin nan na ido mai rai. Na sa bakin mayafina na share tokar, shi kuwa yana tsaye kamar farcensa nake gogewa.

A gida na rufe ƙofa na ce ya toshe na dama da tafin hannu ya kalle ni. Ya ce wasan yara ne wannan. Na ce to yau yaro zai zama. Ya toshe. Na ɗaga ludayi na ce mene ne wannan. Ya daɗe, sannan ya sauke hannun ya ce kamar ta cikin leda yake gani, kuma ya kwana biyu da lura.

"Ka lura ka yi shiru?"

"Ba ya ciwo, maman yara. Abin da ba ya ciwo zai washe."

Na yi tsalle na dire. Na ce gobe sai likitan ido. Na riga na ji labarin wata a unguwar London, can kusa da bakin ruwa, tsallaken gari ke nan daga inda muke. Ya bari na gama zubar da duk abin da ke bakina, sannan ya ce a hankali, "In jandarmomi suka sauke ni daga tasi a hanya, sai jirgi. Ke da yaran nan wa zan bar wa ku? Da ido ɗaya ina iya ciyar da ku. Daga Kano ba na iyawa."

Haushinsa nake ji, tsoro nake ji, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma ni na ga farin ɗigon nan, shi bai gan shi ba.

Akwai wani direban tasi Badamagare da suke sahu ɗaya a masallaci, yana kiran Malam yaya, ni kuma muna wasa da shi irin na ƙanin miji. Shi takardunsa lafiya lau. Na tare shi da safe yana wanke mota na faɗa masa komai. Ya matse tsumma ya ce, "Matar yaya, ku Kanawa kun cika gaggawa. Hanyar London shinge biyu ne, kuma lungu da titi duk jandarmomi sun tare. Amma akwai abin da ba sa so. Ruwa. In aka tsuge da ruwa irin na garin nan, babu mai tsayawa a titi don katin wani. Ku zauna da shiri. Ranar da hadari ya haɗo, kafin ɗigon farko ina ƙofar gidanku."

Garin da a damina ba ka isa ka shanya wanki ba, sai ga shi sama ta yi tas kamar da gayya. Na wayi gari ina kallon gabas, ina kallon wajen teku, ina yi wa gajimare magana. Kullum da safe in ja Malam bakin taga in duba, ɗigon yana ƙara faɗi. Na ce wuta kam ya gama da ita sai an ga likita. Ya yi kunnen uwar shegu, la'asar na yi ya ɗauki buhun gawayi. Kashegari na kwashe wuƙaƙensa duka na kai ɗakin maƙwabciya na ce ta sa a ƙarƙashin gado. Ya nema ya nema, ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ina wuƙaƙena?"

Na ce, "Sun tafi Owendo, ba su da kati."

Ya so ya yi fushi, dariya ta ci ƙarfinsa, dariyar kuma ta taɓo goshin ya dafe kai. Ranar bai fita ba.

Ruwan ya zo da hantsi wata Talata. Gari ya yi duhu, kwanon rufi ya fara ƙara, sai ga hon a waje. Muka shiga baya, na lulluɓa wa Malam tawul a ka don iska. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kwatoci sun cika sun haye titi, mai share gilashi yana yi amma ba a ganin komai sai fitilun motar gaba. Shingen farko babu kowa, duro biyu kawai da katako. A na biyu suna nan, sun cure a rumfar wani shago. Ɗaya ya hango mu ya ɗaga hannu, ya sako ƙafa ɗaya waje, ya dubi sama, ya dubi takalminsa, ya mayar da ƙafar. Direban bai ƙara gudu ba bai rage ba, yana ta ba mu labarin tsadar taya. Sai da muka yi nisa na ji Malam ya saki numfashi. Ni kuwa ashe tun daga gida na riƙe masa hannun riga ban sani ba.

Likitar dattijuwa ce 'yar ƙasa, mai furfura da tabarau. Faransancina na kasuwa ne, ta lura, sai ta riƙa magana a hankali. Ba ta tambaye mu kati ba. Ta ga tabon goshin ta ce zona, muka ce e. Ta ɗauki auduga ta murza bakinta ya yi siriri, ta taɓa idon dama. Malam ya zabura har kujera ta motsa. Ta zagaya ta taɓa na hagu, ta sake taɓawa, ta ja audugar a kan baƙin. Yana zaune yana jiran ta fara. Ta ɗiga wani ruwa rawaya ta haska da shuɗiyar fitila, ta kira ni in leƙa. Wurin ɗigon ya yi kore shar, rami ne sosai, ya fi yadda nake gani a taga.

Ta ce jijiyar da ke kai ji ga goshi ita ce ke kai ji ga ido, ciwon ya bi ta ya lalata. A goshi ta rikice tana kawo zafin da babu dalili, a ido kuma ta mutu. Idon da ba ya ji ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, ba ya kawo ƙwalla, in ya ji rauni ba ya warkewa da kansa. Ta tambayi sana'arsa. Na faɗa mata. Malam, don a san shi ma yana da hankali, ya ce in ƙara mata da cewa da ya ga idon ba ya jin hayaƙi, shi yake ba wutar don ya adana ɗayan. Na fassara. Ta cire tabaraunta ta ajiye a tebur, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce saura kaɗan ramin ya huje, in ya huje idon ya tafi. Ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta ɗinke fatar sama da ta ƙasa, idon ya zauna a rufe ya huta.

Malam ya ce, "A ɗinke mini ido ina raye? Tambaye ta, in an buɗe zan gani?"

Na tambaya. Ta ce ba za ta yi alkawari ba. Ƙwayar idon take son ta tsirar, gani kuma sai abin da ya rage.

Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bismillahi. Ta yi."

Watannin da suka biyo baya ni na tsaya bakin duron. Mahauta suka ce ba a taɓa yi ba, mace da gashin nama a titi. Na ce to yau an yi, wanda ya ji haushi ya kawo mana cefane. 'Yan ƙasa ko a jikinsu, su da matansu ke gasa kifi a ko'ina. Malam yana yanka da jera nama a gida, in ɗauka in fita. Idona ya yi ja, na yi ta zubar da ƙwalla ina tsine wa gawayi, a raina kuwa ina gode wa Allah da yake zuba. Kamen ya lafa a hankali, muka lallaɓa aka sabunta katin. Zafin goshin ya ragu, bai tafi duka ba. Muna komawa London ana dubawa ta gefen ɗinkin, kullum ta ce a ƙara haƙuri. Malam bai taɓa tambayata yadda fuskarsa ta koma ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar buɗewa rana ake ƙwal. Ta warware zaren, ta wanke, ta haska ta daɗe tana dubawa. Ta ce ramin ya cike, idon ya tsira, amma ya bar tabo fari a tsakiya, jin kuma bai dawo ba, ba ta sa ran zai dawo. Magani na ɗigawa har iyakar rai, hayaƙi kuma ya rabu da shi har abada. Sannan ta rufe masa na dama da tafin hannunta, ta yi mini alama in tsaya a gabansa kada in yi magana.

Na tsaya. Ta ce ya faɗi abin da yake gani.

Ya ɗaga kai, ya karkata shi hagu, ya karkata dama, yana neman gefen da tabon bai tare ba. Idon yana kaina sosai. Shekarunmu tare sun fi ashirin a lokacin.

Ya ce, "Ga haske ta taga. Ga kuma mutum a tsaye." Ya ƙara dubawa. "Ban san ko wane ne ba."

Na cije leɓe. Na yi niyyar bin umarnin likita, wallahi na yi niyya, amma abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Mutum? Duk hayaƙin da na sha dominka, ni ce mutum?"

Ya yi murmushi, hannun likita yana kan idonsa na dama.

Ya ce, "To, yanzu na gan ki."